Sati Shida Ba Sunana a Addu'ar Mama

A gidanmu na unguwar Rikoto ba mu taɓa bukatar agogon tashi ba. Da ladanin masallacin bayan layinmu ya ɗaga murya da asuba, Mama za ta bugi ƙofata da tafin hannu ta ce, "Maƙwabta sun tashi gaida Allah, ke kina nan kina minshari. Hito." Haka zan fito ina gyara ɗaurin zane, ido rabi a rufe, in tarar da Baba zaune da tsohuwar rigar sanyinsa ta soja, littafin waƙoƙi a cinya. Mu uku muka rage a gidan a lokacin. Aure da aiki da karatu sun kwashe 'yan uwana huɗu, ni kuwa ina koyarwa a wata firamare cikin gari, ban yi aure ba tukuna.

Mu yi waƙa ɗaya, Baba ya karanta aya, sai kowa ya durƙusa ya juya ya kifa fuska a kan kujerarsa. Daga nan fagen na Mama ne.

Kada wani ya ce ni mai ƙin addu'a ce. A cikinta aka haife ni. A gidanmu ba a kai loma baki, ba a zuba iri a gona, ba a haɗiye ƙwayar maganin zazzaɓi sai an yi ta. Ranar da Baba ya sayo kwanon rufin ɗaki ma sai da Mama ta ɗora masa hannu kafin kafinta ya taɓa. Duk wannan na yarda da shi. Abin da ya ishe ni shi ne Mama ba ta faɗa da mutum ido da ido. In ka yi mata laifi ba za ta ce uffan ba. Sai ta adana abinta, gari ya waye ta kai ƙararka wurin Allah, kana durƙushe a gefenta, ba damar ka kare kanka. Abin haushin kuma, in ta gama kai ne za ka ce amin.

Mu biyar ta haifa, kuma da yatsun hannunta na hagu take bin mu a addu'a, ta kama ɗaya da hannun dama ta ambaci mai shi, in ta gama ta saki ta kama na gaba. Tun muna yara muka san haka, don mun sha leƙe. Babban yatsa na yayanmu ne soja. Ni ce ta uku, don haka nawa ne na tsakiya, wanda lauje ya taɓa sara a gonarmu ta Manga ya warke a karkace. 'Yan uwana sun daɗe suna tsokanata da cewa halina yatsan ya biyo.

Yayanmu soja, kariya ake roƙa masa, da muryar lallashi. Yayata da ke aure a Dabai, lafiyar yara da albarkar rumbu. Ana zuwa kaina sai murya ta canza, Mama ta ja numfashi kamar wadda za ta ɗauki buhun dawa.

"Ya Uba, ga wagga ɗiya taka. Kai ka halicce ta, kai ka san barkonon da ka zuba mata a baki. Jiya ka ji yadda ta amsa ma ubanta. Ka ga tukunyar da ta bari tun shekaranjiya ba wanki. Ni ban ce komi ba, Uba, kai shaida na. Ka raba ta da wagga waya da ta liƙe mata ga hannu. Ka tuna mata hanyar koyon waƙa, ga alama ta ɓace mata."

Ban ce komai ba, wai! Mace mai shekara kusan talatin, wadda yara sittin suke miƙewa tsaye in ta shiga aji, ana karanta laifinta tun gari bai waye ba. Na taɓa kai kuka wurin Baba. Ya gyara zaman rediyonsa ya ce, "Tun kahin a haihe ki ake kai ƙarata sama. Kin ga na mutu? Ki ce amin ki tashi ki sha kununki."

Da a tsakanin bangon gidanmu abin ya tsaya, da na ci gaba da haɗiyewa. To, sai aka yi jarrabawar ƙarin girma ta malamai, na je Birnin Kebbi na rubuta, sakamako ya fito na faɗi. Abokan aikina biyu da muka tafi tare sun ci. Ban gaya wa kowa ba, ko Baba. Da yamma Mama tana tankaɗen garin tuwo na tsuguna kusa da ita na faɗa mata, har da 'yar ƙwallata, na ce don Allah ya tsaya tsakanina da ita. Ta ce, "Wa zan hwaɗa ma?"

Wannan ranar Talata ce. Alhamis matan ikilisiyarmu suke taruwa zumunta, kuma kafin su tashi akan tambaya ko akwai mai roƙon addu'a.

Ranar Asabar na shiga kasuwa sayen daddawa da kuka. Mai daddawar, wata dattijuwa 'yar zumunta, ta riƙe hannuna da hannu biyu ta langaɓar da kai. "Sannu Malama. Kada ki damu, muna ta addu'a. Allah da ya ba waɗancan biyun shi zai ba ki." Har yawan waɗanda suka ci ta sani! Ban kai rumfar masu manja ba sai da mata uku suka yi mini sannu, kamar an yi mini rasuwa. Ta ƙarshen, uwar wani ɗalibina ce, yaron da na tura gida da jan biro a takardarsa a satin nan. Ta ce in daure, faɗuwa ba ƙarshen duniya ba ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na dawo gida ko kukar ban saya ba. Mama tana tsakar gida tana tsince wake a faifai.

"Mama, mi na ce maki ran Talata?"

"Kin ce kada in hwaɗa ma kowa."

"To mi ya kai zancena kasuwa?"

Ta ɗago ta dube ni, kuma wallahi ba alamar kunya a fuskarta. "Ni ban hwaɗa ma kowa ba. Roƙon addu'a na kai. Ya za a yi mutane su yi addu'a kan abin da ba su sani ba?"

A nan tura ta kai bango. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba na son tunawa. Na ce addu'arta ta zama gidan rediyo. Na ce Allah yana da ido, ba ya bukatar ɗan rahoto. Na ƙare da cewa, "Daga yau ki cire ni cikin addu'arki. Ko gida, ko coci, ko ina. Kada bakinki shi sake ambaton sunana gaban Allah. Ina da baki, ni ma na san hanya."

Ta ajiye faifan a hankali. "Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To," in ji ta. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake.

Washegari da asuba muka durƙusa. Aka yi yayanmu soja, aka yi yayata ta Dabai. Na ɗaure jiki ina jira, don ban yarda Mama za ta iya ba. Sai na ji shiru, ɗan shiru haka, sannan ta ce, "Ya Uba, ga ɗanka na huɗu." Ta wuce ni.

Gaskiya a satin farko daɗi na ji. Addu'ar ta ragu, kunu bai huce ba, na riƙa isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. Na ce a raina ashe dama haka ake shan iska.

A sati na biyu na fara sauraron abin da ban taɓa saurare ba, wato jerin waɗanda Mama take yi wa addu'a bayan ta gama da 'ya'yanta. Fasto da matarsa. Maƙwabcinmu mai shagon ɗinki, Musulmi ne, tari ya dame shi. Sojoji duka, na gida da na daji. Mutanen ƙauyukan da aka kora daga gonakinsu. Shugabanni, har waɗanda Baba yake zagi in yana jin labarai. 'Yan kabu-kabu, Allah ya ba su hankali. Wata rana da kunnena na ji an roƙa wa akuyarmu sauƙin haihuwa. Akuya ta samu shiga, ni da aka yi naƙudata ban samu ba.

Shirun nan kuma da take yi in an zo wurina, kullum ƙara tsawo yake. Na ɗauka gugar zana ce, tana barin gurbin ne a buɗe don ya yi mini ciwo. Kuma ya yi. Fuskata tana kife a kujera, ina jin tsakin ƙadangare a rufi, ina jin numfashin Baba, ina ƙirga shirun ina cika ina batsewa. Sai in ce a raina, ai ni na nema, kuma ba zan janye ba.

Na gwada dabaru, ba zan ɓoye ba. Wata safiya na fito riƙe da kai ina nishi, na ce kaina kamar zai rabe. A da, kafin in rufe baki hannun Mama yana bisa goshina tana tsawata wa ciwon. Ran nan sai ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwaya biyu da kofin ruwa ta miƙo mini, ta ce, "Sha ki kwanta." Na sha magani ba ciwon komai. Wata rana kuma da gangan na bar tukunyar tuwo kwana biyu a bakin rijiya, in ga ko za ta iya daurewa. Ta wanke abinta tana 'yar waƙa. Ban taɓa ganin taurin kai irin na matar nan ba, kuma duk wanda ya ce a wurinta na gado, shi ya sani.

Na ce ina da baki, na san hanya, to na gwada. In shiga ɗaki in durƙusa in fara, "Ya Ubangiji," sai in rasa na faɗa. Na roƙi cin jarrabawa, na roƙi lafiya, minti biyu na gama. Ashe duk shekarun nan ban taɓa ɗaukar kayana da kaina ba, wata ce take ɗauka tana mita. Wannan ma haushi ya ƙara ba ni.

Baba ya lura. Wata yamma yana gyaran ƙotar fartanya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Magana zarar bunu ce, amma ke da uwarki ba a kotu kuke ba. Ki je ki ce ta maida ki."

"Ita ta tona mani asiri, Baba. Ita za ta hwara."

"To ku yi ta yi. Ni dai na san sanda nike bakin daga, in wuta ta yi wuta, ba bindigar nike tunawa ba. Cewa nike, yanzu haka waccan matar tana can tana gaya ma Allah ban da haƙuri. Sai in ji sanyi."

Na ce wannan shi ya shafa.

A sati na shida aka kira waɗanda suka faɗi su koma Birnin Kebbi su sake rubutawa. A gidanmu akwai abin da ba a taɓa tsallakewa ba: mai tafiya ba ya fita sai ya ajiye jaka a bakin ƙofa ya durƙusa, Mama ta dafa kansa ta miƙa shi da direba da tayoyi huɗu a hannun Allah. Ko Dabai za ka, nan kusa, sai an yi. Balle a shekarun nan da hanya ba ta da tabbas, mota takan tashi a yi ta kiran wayar mutum har sai ya ce ya sauka.

Da safen tafiyar muka yi sujada kamar kullum, aka yi shirun nan, aka wuce ni. Na yi wanka na shirya. Mama ta ƙulle mini ƙosai a leda, ta cika mini gorar ruwa. Ɗan kabu-kabu ya tsaya a waje yana hon. Na kai bakin ƙofa na ajiye jaka, wai ina gyara igiyar takalmi, takalmin da ba shi da igiya. Na gyara ɗankwali. Na buɗe jaka na rufe. Mama tana zaune a 'yar kujerarta ta tsuguno a gefen ƙofar, tana kallona.

"Mama, zan tahi."

"To. Sai kin dawo."

Ko "Allah shi kiyaye" ba ta ce ba, abin da mai sayar da rake ma zai ce maka kyauta. Na figi jakata na fita, na haye mashin ina huci.

A tasha na samu kujerar gefen taga, na biya. 'Yan kamasho suna ta ihun saura mutum biyu. Kusa da ni wata yarinya ce 'yar makaranta za ta koma karatu, uwarta ta rako ta. Da motar ta kusa cika, sai uwar ta zuro hannu ta tagar, ta bisa kafaɗata, ta dafa kan 'yarta ta fara addu'a da C'lela, yarenmu, irin wadda Mama take komawa in Hausa ta kasa ɗaukar abin da ke ranta. Gwiwar hannun matar tana gogar kunnena. Yarinyar tana ta mutsu-mutsu tana cewa, "Mama ya isa, mutane na kallo." Na ji kamar in kai mata rankwashi. Sai na ga zan bi wannan doguwar hanya ba wanda ya miƙa ni a hannun kowa. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, kuma ba na 'yan bindiga kaɗai ba.

Na ce a buɗe mini ƙofa. Ɗan kamasho ya ce, "Malama, in kin hita ba mu jiranki." Na ce na ji. Na tare wani mashin na ce Rikoto, da sauri. Duk hanyar ina shirya abin da zan faɗa, kuma faɗa na shirya, ba ban haƙuri ba. Zan ce mata wace irin uwa ce za ta bar 'yarta ta hau hanya haka kamar marainiya.

Na tura ƙofa, sai ƙaurin wake ya tare ni, ya ƙone a murhu hayaƙi yana tashi. Mama tana nan inda na bar ta, a kan 'yar kujerar, ko motsawa ba ta yi ba. Idonta a rufe, leɓɓanta a datse gam kamar an ɗinke. Hannunta na dama ya damƙe yatsan nan na tsakiya, karkataccen, ta matse shi har kansa ya yi fari. Hawaye yana bin kuncinta yana ɗiga a zane.

Duk faɗan da na ɗauko ya zube. Na tsaya riƙe da jaka kamar sokuwa.

Ta buɗe ido ta gan ni, ta yi sauri ta goge fuska da gefen zane. "Mi kika manta?"

"Mama, shirun nan da kike yi kullum da sahe. Abin da kike yi ke nan?"

Ta dubi hannunta, ba ta saki yatsan ba. "Kin ce kada bakina shi ambace ki. Ban ambata ba. Baki kika hana. Hannu nawa na."

Na ajiye jakar na durƙusa a kan simintin, na sunkuyar da kai. "Ki maida ni."

"Ban ji ba."

Ta ji sarai. "Na ce ki maida ni, Mama. Amma ban da zumunta."

Ta yi ɗan tunani. "Ban da zumunta," ta ce. "Wancan na yi kuskure." Ban taɓa jin wannan kalmar a bakinta ba, kuma ba ta ba ni lokacin jin daɗinta ba. Hannunta ya sauka a kaina da nauyi.

"Ya Uba, ga ta nan ta dawo. Kai ka ga sati shidan ga. Ka ga ciwon kan ƙarya da ta yi ta sha mani magani a banza. Ka ga tukunyar da ta bari bakin rijiya don ta gwada ni."

Ashe duk tana sane, tana tarawa! Ba abin da ta bari. Ta yi takalmin da ba shi da igiya, ta yi gidan rediyo, ta yi ɗan rahoto. Ɗan kabu-kabun da na ce ya jira ni ya gaji da hon ya kashe mashin ya leƙo, ya ga abin da ake yi ya cire hula. Baba ya fito daga bayan gida ya sauke tukunyar waken, ya tsaya yana murmushi. Gwiwoyina suka yi tsami. Na san motata ta daɗe da tashi da kuɗina, sai dai in jira wata ta cika. Ina durƙushe ina jin haushi yana taso mini kamar da, daidai inda ya saba, kuma ban taɓa jin daɗin haushi irin na ranar ba.

Can ta bar Hausa ta koma C'lela, muryarta ta yi ƙasa. A nan ba ƙara ko ɗaya. Ta kira sunana, cikakke, sau uku, ta ce wannan tata ce, a kai mata ita a dawo mata da ita. Na yi kuka har da majina a gaban ɗan kabu-kabu.

Da ta ce cikin sunan Yesu, na ɗaga murya na ce amin, da ƙarfi, har akuya ta firgita a turke.

Mama ba ta ɗauke hannunta daga kaina ba. Ta ce, "Ka dai ji ta ko, Uba? Ko amin ɗinta da faɗa take yi."